Jahilci Ya Dawo, Mu Kuma Mun Kama Bakinmu

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, a saurara da kyau.

Wata masifa ta shigo mana har tsakar gida. Ba ta harbi, ba ta kora shanu, ba ta neman kuɗin fansa. Shi ya sa ba a yi mata gangami ba. Amma ɓarnarta za ta daɗe fiye da ta ɓarayin daji.

Sunanta jahilci.

Yaranmu suna tasowa ba su iya karatu ba. Ba Hausa, ba Turanci. Ɗan shekara 12 ya riƙe takarda yana jujjuya ta, bai san kanta ba bare gindinta. Ƙananan makarantun da suka tsaya wa 'ya'yan talakawa a ƙauyuka da unguwannin bayan gari kuwa, na Musulmi da na Kirista, da ƙyar suke numfashi.

Muna gani. Mun yi gum. Wanda ya ga ɓarna ya kama bakinsa, da shi aka yi ta.

Ya zama wajibi a faɗi gaskiya, ko da za ta yi ɗaci.

Mu tuna yadda aka yi muka zo nan.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka tasa yara a gaba zuwa daji. Bayan kwana 6 aka sako 344. Ƙanƙara maƙwabciyarmu ce, hanya ɗaya muke bi. Gwamnati ta rufe makarantun kwana. Tun daga ranar, uban da zai tura ɗansa makaranta sai gabansa ya faɗi.

A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Don a matse ɓarayi aka yi, amma talaka ma ya matsu. Wanda ba shi da halin sayar da akuyarsa, da me zai saya wa ɗansa littafi?

A Oktoba 2023 aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Idan 'yar jami'a ba ta tsira ba a gari, ina ga 'yar firamare a bakin daji? Mutanen Wurma da ke ƙasar Kurfi ba sa bukatar a ba su labarin ta'asar ɓarayi, da idonsu suka gani.

A Nuwamba 2025 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Maga a Jihar Kebbi. Mako bai zagayo ba aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja, aka tafi da yara sama da 200 da malamansu. Tsoro ya game Arewa, Katsina ma ta sake rufe makarantu.

A lura da abu ɗaya. Ɓarawo ba ya tambayar addinin yaro. A Mayun 2021 Islamiyyar Tegina ya kwashe. A Yulin shekarar ya kwashe makarantar Baptis ta Bethel a Jihar Kaduna. Duk inda yara suka taru suna karatu, can yake nufa.

Kuma duk sanda aka rufe makaranta, ba dukan yaran ke komowa ba in an buɗe. Wannan an ɗora mata farantin talla. Waccan an tura ta aikatau birni. Wancan ya rungumi buhun bola yana tsintar robobi. Wani ya bi masu haƙar zinariya. Rajista tana nan da sunayensu, benci kuwa wayam.

Hukumar UNICEF ta ce yaran Nijeriya sama da miliyan 18 ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ta kuma ce cikin yara 10, kusan 7 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abin da ya ƙunsa. Kada mu ɗauka wasu yara ne na wata duniya. Namu ne. Su ne muke tsallakewa a bakin tasha.

Ya zama wajibi mu daina kawar da kai.

Ku leƙa bayan gari. Ku je inda waɗanda suka gudo daga ƙauyukan bakin dajin Rugu suka raɓe a kangwayen mutane, iyali guda a ɗaki guda, ba ƙyaure sai tsohon zani. A irin waɗannan wurare ne akan tarar da 'yar makarantar da wata majami'a ko wasu tsirarun masu bi suka tayar da kuɗin baikonsu, ba tallafin gwamnati, ba wani attajiri a bayansu.

Aji biyu ko uku na jar ƙasa. Tsohon kwano mai yoyo. Allon bango da aka shafe da baƙin batir. Benci ɗaya yara biyar, sauran a kan buhu. Malama da goyo a baya, tana karya alli gida biyu don ya kai ta ƙarshen mako. Littafin karatu ɗaya yana zagaya hannu goma, bangonsa ya yage an ɗinke da zare. Albashinta bai taka kara ya karya ba, wani watan ma sai dai a ba ta haƙuri.

Amma a nan ne ɗan mai ga-ruwa da 'yar mai wankau suke fara haɗa baƙi. A nan ne yaro yake ɗora yatsa a kan jimlar Turanci, ya bi ta harafi harafi har ƙarshe, ya ɗago kai ya faɗa maka ma'anarta da Hausa.

Abu uku ne suka shaƙe irin wannan makaranta. Tsoron ɓarayi, wanda ke korar malamai zuwa birni. Talaucin iyaye, wanda ke sa kuɗin zango ya gagara. Sai zargi, wanda ke sa maƙwabta su zuba mata ido ta mutu ba mai cewa uffan.

Na ukun nan namu ne. A hannunmu yake. Shi ya sa ya fi zama abin kunya.

Wani zai ce, me ya dame mu da Turanci? Ai muna da harshenmu.

Gaskiya ne, kuma harshenmu abin alfahari ne. Amma ku tsaya a shagon mai POS ku ga abin da ke faruwa. Dattijuwa ta miƙa wayarta ga yaron da ba ta sani ba, ta ce, “Ɗan nan, duba mini ko kuɗin sun shigo.” Duk abin da ya faɗa mata shi ke nan. In ya ce dubu biyar ne alhali goma ne, sai ta yi godiya ta tafi.

Manomi a bakin madatsar Zobe ya sayi maganin feshi. Bayanin yadda ake haɗa shi da gargaɗin gubarsa duk da Turanci suke a jikin kwalba. Sai ya auna da ido, ya fesa ba takunkumi, ya ƙona shukarsa, ya ƙona ƙirjinsa.

Uwa ta karɓo maganin yaro a kemis. Cokali nawa? Sau nawa? Ranar lalacewarsa ta wuce ko da saura? Duk a rubuce suke, duk ba ta gani.

Takardar fili da Turanci. Sammacin kotu da Turanci. Fom ɗin neman aikin soja da na ɗan sanda da Turanci. Wanda bai ci kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. A jarrabawar JAMB ma Turanci dole ne ga kowa.

To ku dubi wannan abin takaici. Jami'ar Tarayya tana Dutsin-Ma tun 2011. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana Dutsin-Ma. Yara suna zuwa daga nesa suna karɓar digiri a garinmu. Ɗan unguwar bayan gari kuwa, in an ci gaba a haka, iyakarsa bakin ƙofa: ya kai ɗalibi a kan babur, ya ɗebo masa ruwa, ya wanke masa kaya.

Wannan ne gadon da za mu bar musu?

Ya zama wajibi yaron talaka ya iya karanta Hausa, ya kuma iya karanta Turanci. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Yaron da ya fara gane haruffa da harshen da ya sha a nono, shi ya fi saurin kama na biyu.

A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke wannan, ya ce a koma Turanci. Manya suna ta juya doka a Abuja. Yaron da ajinsa ba malami kuwa, ko da wane harshe aka ce, ba abin da zai koya. Yanzu da aka ɗora komai a kan Turanci, wanda ba a koya masa shi ba an bar shi a baya ke nan gaba ɗaya.

Kada a manta ko mu su wane ne.

Katsina ce ƙasar Gobarau, ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani. A Katsina aka kafa Kwalejin Horon Malamai a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Ɗan Katsina, Malam Ahmadu Coomassie, yana cikin jagororin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da dattawa masu furfura suka zauna a gindin bishiya suna koyon a, ba, ca ba tare da jin kunya ba. Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya riƙe Ministan Ilimi na Jihar Arewa. Amadu Kurfi ya fito daga ƙasar nan ya zama sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa, FEDECO, a zaɓen 1979.

Da alƙalami suka kai inda suka kai. Yau jikokinsu ba su iya rubuta sunansu ba.

Makarantar mishan ma ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta kama aiki a Babbar Ruga, kusa da Katsina, inda aka tara masu cutar kuturta, mutanen da kowa ya guda. An yi musu magani, an koya wa wasunsu da 'ya'yansu karatu. Ta kuma kafa tasha a Matazu, maƙwabciyarmu. A Wusasa ta Zariya, inda mishan ɗin Dakta Miller ta koma a 1929, aka raini irin su Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika ta Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, ya zama bishof ɗinta na farko. Kiristocin jihar nan 'yan ƙasa ne, maƙwabta ne, da su muke cin kasuwa ɗaya.

Yanzu mu zo kan zargin, don ɓoye shi ba zai kashe shi ba.

Uba Musulmi yana tsoron kada a canza wa ɗansa addini. Wannan tsoro yana da tushe, don mishan a wancan zamani ba ta taɓa ɓoye cewa wa'azi na cikin aikinta ba. Ba wanda zai ga laifin uban da ke tsaron imanin ɗansa.

Amma doka ta riga ta yanke wannan magana. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen nan kuma ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta. Haƙƙi biyu ne, kowanne da iyakarsa.

Saboda haka maganin zargi shi ne a buɗe ƙofa a gani. Uba ya shiga aji. Ya duba littafin. Ya tambayi malama. In ya ga abin da bai yarda da shi ba, ga mai unguwa, ga dagaci, ga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne jita-jita. Mutum bai taɓa taka makarantar ba, ya zauna a majalisa ya ƙirƙiro labari, ya watsa a WhatsApp da Facebook. Kafin gari ya waye magana ta zama wuta. Mun san abin da irin wannan ta jawo wa garuruwan Arewa. Mun binne mutane a kanta.

Wanda bai son ɗansa ya je makarantar coci, ya kai shi wata. In babu wata, ya tara jama'a a gina. Amma ka cire yaro daga aji ka sake shi a kwararo, sa'an nan ka ce ka tsare shi, wannan yaudarar kai ce. Kwararo ba ya koyar da salla.

Ku kuma masu makarantun, ya zama wajibi ku riƙe amana. Yaron da yunwa ta kawo muku, kada ku mai da yunwarsa tarko. Darasin addini ya tsaya ga waɗanda iyayensu suka yarda. Ku yi rajista da ma'aikatar ilimi. Ku sa iyaye Musulmi a kwamitin makaranta. Kuskure ɗaya daga gare ku ya isa ya rufe ƙofa a kan yara ɗari.

Abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce muni.

Yaron da bai je makaranta ba ba zai zauna yaro ba. Zai girma. Zai nemi abinci, zai nemi waya, zai nemi aure. Ba sana'a, ba takarda, gonar ubansa tana hannun ɓarayi. Wa zai fara kiransa? Mai sayar da ƙwaya. Ɗan siyasar da ke neman ƙauraye. Ɓarawon da ke neman infoma a cikin gari, mai faɗa masa wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga Makka.

Yawancin masu riƙe da bindiga a daji yau samari ne da suka tashi ba su ga allo ba, na zaure ko na boko. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, amma rugage nawa ne ke da aji mai aiki? An yi sakaci da su jiya, yau muna biyan fansa. Yaran da muke sakaci da su yau, gobe wa za su tare?

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da Kurfi. Allah ya sa ya ɗore. Amma sulhu ba ya koya wa yaro karatu. In bindiga ta yi shiru aji kuma ya ci gaba da zama kango, an dai ɗage fitinar ne zuwa wani lokaci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, ga abin da ya rataya a wuyan kowa.

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, ya zama wajibi tsaron makaranta ya game kowace makaranta. Dakarun tsaron al'umma da aka ƙaddamar a 2023 su san da zaman 'yar makarantar bayan gari kamar yadda suka san da ta gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas. Ba ta ware ɗan gudun hijira ba. A tura malamai inda yaran suke, a biya su a kan lokaci.

Shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, ya zama wajibi a ƙidaya yaran da ke kangwaye da rugage, gida gida. Wanda ba a san da shi ba, ba za a nema masa benci ba. Makarantar sa-kai mai aiki tsakani da Allah a sauƙaƙa mata rajista, a taimaka mata da littattafai da alli, a kuma riƙa leƙa ta.

Iyayen ƙasa, 'Yanɗakan Katsina da Maraɗin Katsina, Allah ya ja zamaninku. Maganarku tana da nauyi. Ya zama wajibi dagatai da masu unguwanni su ji daga bakinku cewa duk makarantar da ke ƙasarku amanarku ce, kuma wanda ya taɓa ta ku ya taɓa.

Malamanmu, limamai da fastoci, Allah ya gafarta muku. Mumbari a hannunku yake. Ya zama wajibi ku faɗa wa mabiyanku cewa barin yaro cikin jahilci zalunci ne. Ku zauna tare kafin jita-jita ta tashi, kada ku jira sai ta ci gari.

'Yan boko da 'yan kasuwarmu da ke Katsina, Kano, Kaduna da Abuja, ku da karatu ya ɗaga, ya zama wajibi ku waiwayo. Abin da kuke kashewa a biki ɗaya ya isa albashin malami na shekara. Ɗaliban Kwalejin Isa Kaita da na jami'a, ku ba da awa biyu a mako ku zauna da yaran maƙwabtanku. Ba a bukatar izinin kowa kafin a koya wa yaro harafi.

Iyaye, iyaye mata musamman, mun san halin da ake ciki. Mun san kuɗin tallan nan shi ne cefanen dare. Amma talla na ƙarewa, jahilci kuwa har tsufa. In ba za a iya sakin yarinya wuni guda ba, a sake ta da safe.

Kai kuma mai karanta wannan, kada ka ce ba ruwanka don naka suna makarantar kuɗi. Gari ɗaya za su zauna da waɗancan. Katanga ba za ta raba su ba.

Yau da dare ka kira ɗanka, ko ɗan maƙwabcinka, ka miƙa masa takardar magani ka ce ya karanta maka. In ya kasa, gobe da safe ka kama hannunsa ka kai shi aji mafi kusa, ka kuma koma bayan wata guda ka sake gwada shi.

Ya zama wajibi. Wanda ya ji wannan gargaɗi ya yi shiru, ba shi da bakin cewa ba a faɗa masa ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya shirya mana zuriya.